Filin Bakin Tasha Na Masu Shiga Jirgi Ne

Jama'ar Gwagwa da Dei-Dei da Kagini da Gbazango, da ku 'yan'uwa na Kubwa, ina kiranku a kan maganar ƙasa. Ku da kuke fita da duku-duku domin kama motar cikin garin Abuja, ku dawo bayan isha'i a gajiye, rabin albashi ya tafi a kuɗin mota, sauran kuma mai gida na jira, ku wannan magana ta fi shafa. Jirgin ƙasa yana ratsa unguwanninku, an kuma gina muku tashoshi. Abin da ya rage a yanke shi ne wa zai zauna a filayen da ke kewaye da tashoshin nan, kuma idan kuka yi shiru za a yanke ba da ku ba.

Kuɗin al'umma ne aka zuba a layin nan. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi, tsawonsa ya haura kilomita 40, da tashoshi 12, kuma dala miliyan 500 daga cikin kuɗin aikin bashi ne da aka ciwo daga bankin Exim na Sin. Bashin nan da harajin kowa ake biyansa, har da na mai sayar da katako a kasuwar Dei-Dei. Shugaba Buhari ya buɗe layin a watan Yulin 2018, aka tsayar da shi a 2020 lokacin annobar korona, ya yi shekara huɗu a kwance ɓarayi suna yi masa ɓarna, sai ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi. Tun farkon buɗewa koken mutane ɗaya ne: tashoshin sun yi nisa da gidaje, wasu ma ba hanyar kirki da za ta kai mutum gare su. Daga baya an yi titunan, madalla. Amma titi bai rage nisan ba. Wanda sai ya hau acaɓa ko Keke Napep kafin ya kai tasha, ya sauka a wancan gefen ya sake neman wata motar, gara masa ya tsaya bakin titi ya jira bas ɗin da ya saba.

Jirgin kai da kawowa yana rayuwa ne da mutanen da za su iya takowa da ƙafa su hau shi. Masu tsara birane suna auna wannan da tafiyar minti goma, wato kamar mita 800 ta kowace fuska daga ƙofar tasha. A cikin wannan da'irar ake gane ko jirgi zai cika ko zai riƙa yawo da kujeru. Idan aka yanka ta manyan fulotai aka raba wa masu hannu da shuni, kowa ya ja doguwar katanga ya sa maigadi, to an zaunar da masu motoci uku-uku a ƙofar jirgin da ba za su taɓa shiga ba, an kuma tura malamin makaranta da nas da masinja can bayan gari, inda za su ci gaba da biyan kuɗin mota sau biyu.

Mu 'yan Arewa bai kamata a koya mana abin da dogo yake yi wa ƙasa ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka ga yadda Sabon Gari da kantunan fatake da dalar gyaɗa suka taso a gefensa. Kafanchan mahaɗar dogo ce ta mayar da ita gari. Kwanan nan ma, tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, duk wanda ya san Rigasa ta Kaduna a da ya san yadda dillalai suka yi wa filayen hanyar tasha caa. Dillali ba ya jiran jirgi ya cika kafin ya saya.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane cewa gida da jirgi tare ake tsara su. A Japan, wani ɗan kasuwa mai suna Kobayashi Ichizo ya shimfiɗa layi daga birnin Osaka zuwa karkara a 1910, inda babu fasinjojin da za su riƙe shi. Sai ya sayi filaye kusa da tashar Ikeda, ya gina gidaje, ya sayar wa ma'aikata masu albashi a kan biya kaɗan-kaɗan na shekara goma. Masu gidajen suka zama fasinjojinsa na kullum, kamfanin nan kuma shi ne Hankyu da ke aiki har yau. A Amurka, jihar Massachusetts ta yi doka a 2021 da ta tilasta wa garuruwa 177 da ke cin moriyar jiragen yankin Boston su ware unguwar da za a iya gina gidaje masu ɗaukar iyalai da yawa, aƙalla gida 15 a kowace eka, kuma inda akwai tasha a yi ta kusa da ita. Garin Milton ya ƙi, aka je kotun ƙolin jihar, ta ce a watan Janairun 2025 dokar tana kan ƙa'ida kuma dole ne a bi ta. Gida 15 a eka bai ma kai iyali biyu a fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba. Mu da muke cunkushe a ɗaki da falo, abin da muke buƙata ya fi haka nesa: benaye masu hawa uku ko huɗu, shaguna a ƙasa, iyalai a sama, da makaranta da asibitin sha-ka-tafi da masallaci da coci a inda ƙafa za ta kai.

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinku da zarar an ce za a gyara unguwa: rusau. Kuna da gaskiya. Mutanen Abuja ba su manta da shekarun 2003 zuwa 2007 ba, lokacin da katafila ta share unguwanni da sunan dawo da tsarin birni na 1979, dubban iyalai suka watsu zuwa Mararaba da Suleja da Zuba. Gbagyi kuwa, masu ƙasar tun asali, tun dokar 1976 da ta kafa babban birnin tarayya suke fama da maganar diyya da sauyin matsuguni. Saboda haka sharaɗinmu na farko shi ne kada a taɓa bangon kowa sai an rubuta sunan duk wanda ke zaune a wurin, mai gida da ɗan haya, an kuma nuna masa a takarda inda zai koma a cikin sabon ginin, a wannan unguwar dai. Diyyar da ba za ta sayi ko harsashi a kusa ba kora ce kawai, kada ku karɓe ta a matsayin adalci.

Ku ma'aikata, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashinku ana zubawa a asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya yake riƙe da shi. Ku tambayi shugabannin ƙungiyoyinku me ya hana su nemi a ba ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata filayen bakin tasha, a gina da wannan asusun. Rukunin gidajen da ake kai wa can cikin daji, inda sai mai mota zai iya zama, ba su da amfani ga mai albashin mataki na shida.

A Abuja babu gwamna, babu majalisar jiha. Ƙasar birnin duka tana hannun gwamnatin tarayya, ministan birnin ne yake raba ta, hukumar FCDA take tsarawa, AGIS take ajiye bayanan kowane fili. Majalisar tarayya ce take yi wa birnin doka, kuma a cikinta kuna da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu. Kuna kuma da shugabannin ƙananan hukumomin AMAC da Bwari da kansilolinku, waɗanda ƙuri'arku ce ta ɗora su. Ƙofofin ke nan, kuma ba a buɗe wa mutum ɗaya.

To ku taru. Masu unguwanni da dagatai, limamai da fastoci, shugabannin kasuwar katako da ta dabbobi a Dei-Dei, ƙungiyoyin mata, matasa masu digiri da ke zaune ba aiki, har da ku direbobi da 'yan acaɓa, domin tasha mai cike da jama'a ciniki ce a gare ku. Kowace tasha ta kafa kwamitinta, a sa 'yan haya a ciki, kada a bar wa masu filaye kaɗai. Ku taka da ƙafa daga ƙofar tasha minti goma ta kowane ɓangare, ku rubuta abin da kuka gani: ina ne kango, ina aka kewaye aka bari ciyawa na ci, ina mutane suke zaune kuma su nawa ne. Sannan ku rubuta wa minista da FCDA, ku nemi taswirar tsarin wurin da jerin filayen da aka riga aka bayar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku wannan damar, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ku kai ɗaya ofishin sanata, ɗaya ga kansila, ɗaya gidan rediyo.

Kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Gwagwa ko Gbazango, kafin a sauke buhunan shinkafa daga motarsa, ku kai shi bakin tasha, ku nuna masa filin, ya faɗa a gaban jama'a gida nawa za a gina a wurin, nawa ne hayarsa, kuma su wa za su shiga.