Akwatin tsohon bakanike: a san darajarsa kafin a kira mai sikeli

Duk garin da ke da tasha a ƙasar nan yana da tsofaffin kanikawa, tun daga Yamai, Ƙonni, Tawa, Maraɗi har Damagaram. Mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a ƙarƙashin Peugeot 404 da 504 da manyan motocin Berliet yanzu suna ta ajiye aiki. Wani ido ya raunana, wani baya ya ƙi, wani kuma Allah ya yi masa rasuwa. Kusan kowannensu yana barin abu guda a kusurwar zaure ko ƙarƙashin gado, wato akwatin ƙarfe mai nauyi, fenti ya koɗe, cike da kayan aiki da suka yi baƙi da mai. Kafin a yi sadakar arba'in sai ka ji an yi sallama. Wani ya zo da sikeli yana sayen tsohon ƙarfe a kilo, wani kuma abokin sana'ar mamacin ne, yana cewa a ba shi ya rage wa iyali kaya. Sau da yawa cinikin a tsaye yake ƙarewa, a ƙofar gida, ba tare da an ko buɗe akwatin an ƙirga abin da ke ciki ba.

Ra'ayina a nan shi ne, kada a sayar da irin wannan akwati kafin a yi abu biyu: a san ainihin kuɗɗinsa, a kuma duba ko a cikin gidan akwai hannun da zai ci abinci da shi. Ina faɗa wa iyaye da malaman lakwal wannan magana ne domin su ake tambaya shawara idan irin haka ta taso, kuma su suka san yaran.

Mu fara da abin da ke cikin akwatin. Kanikawan da suka koyi aiki tsakanin 1960 da 1990, musamman waɗanda suka ratsa garejin SNTN ko kamfanonin ma'adinai na Arlit, da kayan Turai suka yi aiki. Idan ka goge man da ke jikin kile, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sifana, za ka iya ganin sunan Facom, kamfanin Faransa da aka kafa a Paris a 1918, ko Gedore na Jamus da aka kafa a 1919, ko Hazet da Stahlwille, su ma na Jamus. Jefi-jefi akan ci karo da Snap-on na Amurka, wanda ya fara a 1920. Waɗannan sunaye har yau suna kasuwa, kuma har yau kayansu na cikin masu tsada. Bayan da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan da ake shigowa da su daga Faransa suka yi wa ƙaramin bakanike nisa. Daga baya kayan araha suka cika kasuwa. A cikinsu akwai na kirki, amma duk wanda ya taɓa ɗaura kile a kan noti mai taurin kai ya ga bakinsa ya buɗe, ko ya cinye kusurwoyin notin, ya san dalilin da ya sa ake cewa araha ba ta ado.

Akwati ɗaya yana da farashi uku, kuma rashin rarrabe su ne ke jawo asara.

Na farko farashin sikeli. Mai sayen ƙarfe ba ruwansa da suna ko ƙasar da aka ƙera abu. A wurinsa kilen Jamus da tsohon ƙarfen gado duk ɗaya ne. Wannan shi ne farashi mafi ƙasƙanci, kuma shi ya dace da abin da ya karye ko tsatsa ta cinye kawai.

Na biyu farashin aiki, wato nawa bakanike mai gareji zai biya don ya yi aiki da kayan gobe da safe. Wannan shi ne farashin gaskiya a ƙasarmu. Hanyar gano shi mai sauƙi ce. A rubuta kowane abu da lambarsa da sunan kamfaninsa, a je inda ake sayar da kayan aiki, kamar kasuwar Katako a Yamai, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, a tambayi kuɗɗin sabo na araha da kuɗɗin tsoho mai suna. A je a matsayin mai saye, domin farashin da ɗan kasuwa ke faɗa wa mai saye daban yake da wanda yake yi wa mai sayarwa tayi.

Na uku farashin masu tara kayan da, a Turai da Amurka. Wannan ne yake ruɗa samarinmu. Yaro ya buɗe waya ya ga akwati mai kama da na babansa an sa masa euro 300, ya lissafa da sefa 656 a kowane euro, ya ga kusan jikka 197, sai ya ce ba za a sayar ƙasa da haka ba. Abin da ya gani kuɗɗin da mai kaya ya nema ne, ba lalle ba ne wani ya biya. Kuma mai sayen yana can ƙetaren teku, kuɗɗin aika akwatin ƙarfe mai nauyi zuwa can na iya cinye ribar duka. Amfanin intanet a nan shi ne a gane sunan kamfani da irin kayan, a san ba tarkace ba ne.

Wajen dubawa, ga abin da nake ba da shawara. A zazzage akwatin a kan tabarma a gaban shaidu biyu, a ɗauki hoto. A goge kayan da tsumma da ɗan kananzir, a shafa musu mai kaɗan. Kada a kai su ga mai injin wasa ƙarfe don su yi ƙyalli, kada kuma a sake fentin akwatin, domin hakan yana share suna da lamba, kuma su ne shaidar kayan. A gwada kowane kile a kan sabon noti mai lambarsa: idan ya kama daram, yana da sauran rai, idan yana wasa, bakinsa ya buɗe. A duba bakin turnabis da haƙoran filaya. A duba durowoyin akwatin ko suna shiga suna fita, da ƙasansa ko tsatsa ta huda. A lura da jabu, domin sunayen manyan kamfanoni ana buga su a kan ƙarfen banza. Tsohon bakanike yakan gane na gaske daga nauyinsa da tsabtar rubutunsa, don haka a kira kanikawa biyu da ba su da niyyar saye su yi kima, kowa daban.

A duba lambobi kuma. Motocin Faransa da na Japan da baburan da suka cika titunanmu duk da milimita ake ɗaure su. Kile mai lamba 8, 10, 12, 13, 14, 17 da 19 da ya kwance 504 ƙirar Kaduna, inda aka fara harhaɗa Peugeot a 1975, shi ne zai kwance Hilux da babur ɗin kabu-kabu yau. Waɗanda aka rubuta musu lamba da inci, irin na tsofaffin Land Rover da Bedford na Ingila, masu nemansu sun ragu, don haka kuɗɗinsu a nan bai kai na milimita ba. Kuma kada a yarda mai saye ya tsince. Dabarar da aka saba ita ce a zaɓe lambobin da aka fi aiki da su da kilen da ke awon ƙarfin ɗauri, a bar wa iyali ragowar da ba mai so. Jerin kile cikakke ya fi tsada a haɗe.

Yanzu maganar haƙƙi. Idan mai akwatin yana da rai, nasa ne, shi ke da ta cewa, kuma bai kamata ƴaƴa su sayar masa da kaya a bayan idonsa don ya daina fita ba. Idan ya rasu, akwatin ya shiga dukiyar gado kamar gona da gida. Sai an biya bashi an cika wasiyya sannan a raba. Babban ɗa ba shi da ikon ɗauka don shi ne babba, yaron gareji ba shi da ikon riƙewa don ya daɗe yana aiki da shi, ƙanin mamaci ba shi da ikon kyautar da shi. Matar mamaci da ƴaƴa mata suna da rabonsu a cikin kowane kile, kuma su ne aka fi mantawa, saboda ana ganin kayan maza ne. Idan da marayu ƙanana, abin ya ƙara nauyi.

Wani zai ce, malam, kana maganar ajiye ƙarfe alhali matar na neman abin sawa a tukunya. Wannan magana ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma a yi lissafi. Mu ɗauka misali an yi wa akwatin kima jikka 240, mamacin ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi. Matar tana da tumuni, jikka 30. Sauran jikka 210 a raba kashi bakwai: kowane namiji jikka 60, kowace mace jikka 30. Idan aka sayar aka raba, kowa zai karɓi abin da zai ƙare cikin ƴan makonni. Idan kuwa ɗaya daga cikin yaran yana koyon kanikanci, ana iya ba shi akwatin a kan wannan kima, a cire rabonsa na jikka 60, ya biya sauran magada jikka 180 sannu a hankali, a fara da uwar gida da marayu, a rubuta a takarda da shaidu. Kowa ya sami haƙƙinsa, yaron kuma ya sami jari. Idan matar ba za ta iya jira ba, wani daga dangi mai hali ya biya ta nata nan take, yaron ya biya shi daga baya.

Dalilin da ya sa na nace a kan yaron shi ne abin da kowa ke gani a gareji. Yaro yakan shekara biyar ko fiye a hannun ubangidansa, ya iya aiki sarai, amma ranar da aka yaye shi ba shi da ko kile ɗaya nasa. Sai ya ci gaba da zama yaron wani, ko ya bar sana'ar ya hau kabu-kabu, ko ya kama hanyar ci-rani. Haka waɗanda ke fitowa daga cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha, har da makarantu irin su Lycée Technique Dan Kassawa ta Maraɗi: takarda na hannu, kayan aiki babu. A sayar da akwatin uba a kilo a gidan da ke da irin wannan yaro, wannan shi ne rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

A nan malaman lakwal suke da rawar takawa. Mushe ya san yaron da lissafin allo ke ba wuya amma shi ke gyara kekunan ƴan aji. Ya san yarinyar da hannunta ke da saurin kama abu, domin ba a rubuta a jikin kile cewa na maza ne kaɗai ba. Idan iyaye suka zo neman shawara, a faɗa musu gaskiyar abin da aka gani. Mu daina nuna wa yara cewa gareji wurin wanda ya faɗi jarrabawa ne. Bakaniken kirki yana bukatar karatu: lambobi, awo, karanta littafin mota, rubuta kuɗɗin aiki. Yaro na iya riƙe boko da safe, gareji da marece da lokacin hutu.

Akwai masu cewa zamanin waɗannan kaya ya wuce, motocin yanzu sai da na'urar kwamfuta ake gane ciwonsu. Da gaskiyarsu ta wani fanni. Akwatin 1975 ba zai karanta ƙwaƙwalwar mota ba, kuma akwai sababbin kusoshi masu kan tauraro da ba shi da makamarsu. Sai dai na'urar tana nuna inda ciwon yake ne kawai, kwance birki da canza famfon ruwa da sauke inji har gobe aikin kile ne. Wanda ya gaji akwatin ya tsallake kashe kuɗɗi mafi yawa, abin da ya rage masa ƙari ne.

Duk da haka, ban ce a riƙe kowane akwati ba. Idan an duba gidan da dangi babu mai sha'awar sana'ar, ajiyewa don tunawa da mamaci asara ce. Damina biyu ko uku a ɗaki mai laima sun isa tsatsa ta kama, yara kuma su riƙa zare ɗaya-ɗaya ana gyaran ƙofa da keke har jerin ya watse. A irin wannan hali a sayar, kuma a sayar da wuri. Wanda ya fi cancanta a fara yi wa tayi shi ne yaron garejin mamacin, a kan kimar da aka yi, ko da biya biyu ko uku ne. In bai iya ba, a sanar da kanikawan garin a bar su su yi tayi a fili. Mai son abin tunawa ya zaɓi guduma ɗaya ko kile ɗaya da ba ya cikin jeri, a lissafa shi cikin rabonsa. Mai sikeli shi ne na ƙarshe, kuma karyayyun kawai za a ba shi.

Ga tsofaffin kanikawa da ke raye kuwa, roƙona shi ne ku sauƙaƙa wa iyalanku tun yanzu. Ku sa a rubuta abin da ke cikin akwatin, ku faɗi kimarsa a gaban ƴaƴanku. Idan akwai wanda kuke so ya ci gaba da aiki da shi, ku yi shawara da sauran ƴaƴan, ku tambayi malamai yadda kyauta take inganta, ku damƙa masa da hannunku tun kuna da lafiya, a gaban shaidu. Rigimar gado da yawa a kan abin da ba a rubuta ba take tashi, kuma takarda guda ta isa ta hana wannan.