An yi wa injin tantan aiki amma yana hayaƙi? Kar ka yi saurin sake kwance shi



Kuɗin abinci ne ke cinye ribar kaji da kifi, shi ya sa da yawanmu muka koma noma masara da waken suya da kanmu. Wasu ma sun haɗa kuɗi sun sayi tsohuwar tantan, galibi Massey Ferguson mai injin Perkins. Sai a sauke inji, a sa sabon fistin da ringi da gasket, a kashe kuɗi masu yawa. Ana tayarwa kuma a ga hayaƙi, ko ta kasa jan garma. Nan take sai ka ji an ce bakanike ya cuce mu, a sake kwancewa.

Ni a ganina, sake kwance inji shi ne mataki na ƙarshe. A fara da abin da ba ya cin kuɗi.

In inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu, fara zargin iska a layin mai. Duk lokacin da aka kwance bututun gas, iska na shiga. A sassauta ƙusar da ke kan filta, a yi ta buga famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sannan a yi haka a famfon mai. A bakin nozul kuwa, a sassauta bututun a yi ta juya inji har mai ya fito.

In ya tashi, tsaya ka kalli salansa, launin hayaƙin zai gaya maka inda ciwon yake.

Farin hayaƙi mai warin gas da yaji a ido, man ne bai ƙone ba. Yawanci taimin famfon mai ne bai zauna daidai ba, ko saitin bawul. Gyaran waje ne, ba sai an taɓa fistin ba.

Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Duba filtar iska tukuna, musamman bayan ƙurar rani, sannan a kai nozul a gwada.

Shuɗin hayaƙi, baƙin mai ne ke ƙonewa. A awannin farko kaɗan ɗin ba abin tsoro ba ne, sabon ringi bai gama zama ba. To a nan ne mutanenmu ke kuskure: wai don tausayin inji, sai a bar shi a silo wuni guda. Wannan ba tausayi ba ne. Cikin silinda zai yi santsi, ringi ya ƙi kamawa, inji ya dinga shan baƙin mai har abada. A ba shi aiki matsakaici, ana sauya gudu, ba tare da an danne shi da nauyi ba. In ya yi kamar awa 50, a juye baƙin mai a canza filta.

Amma fa akwai alamun da ba a yi musu haƙuri. In fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa, ko mai ya koma kalar shayi da madara, ko lagireto yana kumfa ruwa na raguwa, ko ka ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji, kashe shi yanzu-yanzu ka kira wanda ya yi aikin. Minti biyar na ganganci na iya cinye kuɗin keji guda na kaji.

Shawarata biyu. Kar ka cika wa bakanike kuɗinsa sai an gwada tantan a gona da garma a bayanta, ku yi wannan yarjejeniya tun kafin ya ɗauki sifana. Kuma a yi aikin inji da rani, ba sai ruwan shuka ya sauka ba, don mai gaggawa ne ke biya sau biyu.

Mai injin niƙan abinci ko na jan ruwan kududdufi, in dai na gas ne, wannan magana taka ce kai ma.

Allah ya ba mu damina mai albarka.