Kafin ka sayi katamaran, tsaya mu yi magana

1/ Katamaran jirgin ruwa ne mai gangar jiki biyu; wanda nake magana a kai ƙarami ne, iska ke tura shi, babu inji. Masu sha'awa da yawa Nacra 17 suke hange saboda sun gan shi a Olamfik. Ni dai ban ba ku shawara ba.

2/ Nacra 17 na ƙwararru ne. Tun Rio 2016 ake tseren Olamfik da shi, mace ɗaya namiji ɗaya, yanzu ma har tashi yake saman ruwa. Ɗan koyo zai sha kifewa, gyara kuma tsada.

3/ Nemi Hobie 16 na hannu. Tun 1970 ake ƙera shi, tsawonsa kusan mita 5, ba shi da allon ƙasa, sai ka ja shi kan yashi kai tsaye. A Legas ma ana tsere da shi, ka ga akwai abokan gasa da wanda za ka tambaya.

4/ Amma fa yana son dulmiya hanci idan iska ta yi ƙarfi. Kafin ka biya, danna saman gangar jikin da hannu. In ya lotsa, bar musu kayansu.

5/ Sannan ku kifar da shi da gangan kusa da gaɓa, kowa da rigar ceto. In ku biyu kun kasa tayar da shi, ba naku ba ne tukuna.