Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Gwada Linux Mint a Ɗakin Kwamfutarmu



A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro kamar yadda ya saba. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ba ta yarda ta hau tsofaffin kwamfutoci da yawa. To irin waɗannan tsofaffin ne a ɗakin kwamfutarmu. Wasu ma an lulluɓe su da ƙyalle an ce sun yi nauyi, mu kuma muna cunkushewa mu biyar ko shida a kan guda ɗaya.

Ra'ayina shi ne a sa musu Linux Mint. Ita ma babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar Windows, sai dai kyauta ce. Ba a sayen lasisinta, kuma doka ta yarda a kwafe ta a ba wani. Duk mai ilimi yana iya buɗe ta ya ga yadda aka rubuta ta, har ya gyara. Asalinta daga Linux ne, wanda wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Ita kuma Linux Mint ta fito a 2006. Kada a ce baƙon abu ne, domin wayoyin Android da ke hannun iyayenmu a kan Linux aka gina su.

Dalilina na farko, ba ta da nauyi. Kwamfutar da ke da ram gigabait 2 tana iya ɗaukar ta, musamman samfurin da ake kira Xfce. Na biyu, tana zuwa da LibreOffice, wanda ake rubutu da lissafi da shi, har ya buɗe takardun Word da Excel. Na uku, a cikinta akwai tsarin madannai na Hausa. Ke nan za mu rubuta ɓ da ɗ da ƙ daidai, mu daina rubuta "kasa" alhali "ƙasa" muke nufi. Malamin Hausa zai huta da jan biro.

Na san wani zai ce ai Windows aka sani a ofisoshi. Gaskiya ne. Amma wanda ya iya riƙe linzami, ya iya buga rubutu da adana aikinsa, ba zai yi kwana biyu yana laluben Windows ba. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ɗalibin da ya saba taɓa kwamfuta, kowace iri ce, ya fi wanda ya haddace sassanta a littafi kawai. Linux Mint ba za ta kawo mana wutar lantarki ba, kuma sauke ta yana cin data. Amma sau ɗaya ake saukewa, filash guda ya isa kwamfutoci duka.

Don haka ina roƙon shugaban makaranta da malamin kwamfuta, cikin ladabi, su ware kwamfutoci biyu daga cikin waɗanda aka lulluɓe. Ba sai an goge komai ba, domin ana iya kunna Linux Mint daga filash a gwada ta tukuna. A ba mu zango ɗaya. In ta yi, a ƙara wasu. In ba ta yi ba, ba a yi asarar kome ba sai kuɗin data. Mu kuma ɗalibai, in an buɗe mana, mu kula da su, mu daina shiga da gyaɗa da ruwan leda.

Gani ya kori ji.

Daga ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare