Aikin Zuciya Bai Ƙare a Ɗakin Tiyata Ba

Bugun zuciya yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Tun shekarar 1986, lokacin da Jak Fuwel ya fara sa wa mutum ɗan bututun ragar ƙarfe a birnin Tulus na Faransa, likitoci suka sami hanyar buɗe jijiyar ta zauna a buɗe. A yau akwai Katsinawa da aka yi wa wannan aiki a Abuja ko Masar ko Indiya, suka dawo gida da ƙarfinsu.

Sai dai a nan haɗarin yake. Jini yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi, filatilet, waɗanda aikinsu shi ne su manne da juna su tsayar da zubar jini. Ƙarfen baƙo ne a wurinsu, don haka sukan taru a kansa har su sake toshe hanyar, kafin naman jijiya ya lulluɓe shi. Wannan toshewa takan zo farat ɗaya, tana kuma kisa.

Shi ya sa ake haɗa magunguna biyu: asfirin, wanda Jon Ben ya gano yadda yake aiki a 1971, da wani kamar kilofidogirel, wanda aka fi sani da Plavix. Bayan bugun zuciya yawanci akan sha su tare har wata 12. Filatilet kwana 7 zuwa 10 kawai suke yi, jiki ya sake sababbi. Wanda ya daina sha, kariyarsa ta tafi cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka kuskure ne babba majinyaci ya ajiye magani don ya ji sauƙi, ko don tsada, ko don azumi. Likita ne zai tsara lokacin sha. Kuma tun da maganin yana sa jini ya daɗe bai tsaya ba, wajibi ne a nemi shawararsa kafin a yi ƙaho wurin wanzami ko a cire haƙori. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, ya garzaya asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Ɗalibin da ke da irin wannan majinyaci a gida, ya riƙa ƙirga ƙwayoyin da suka rage, a sayo wasu tun ba su ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.