Kafin A Yi Wa Kwamfuta Fomatin

A shagunan gyaran kwamfuta, da zarar System Restore ya ƙi aiki, sai wasu masu gyara su ce fomatin kawai. Wannan gaggawa ce, domin kundin ɗalibi da lissafin ɗan kasuwa kan salwanta, ba a ma kwashe su a filashi ba.

Galibi matsalar ƙarama ce. Ko manhajar kariya ta tare hanya, ko ɗaukewar wuta ta lalata fayilolin Windows. Sake gwadawa ta Safe Mode, ko umarnin sfc /scannow, kan isa.

Ko a rikicin manhajar kariya ta CrowdStrike na 19 ga Yuli 2024, da ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, goge fayil ɗaya ta Safe Mode ya farfaɗo da masu yawa daga cikinsu.