Sharhi: Kayan Koyarwa Na Kyauta Da Batun Izinin Fassara

Tsadar littattafai ta sa malamai da dama a Najeriya sun koma neman kayan koyarwa a intanet. Sai dai samun littafi kyauta ba ya nufin mai shi ya yarda a sake buga shi, a rarraba ko a fassara shi.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa, marigayi Muhammadu Buhari, ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa marubuci ikon hana a kwafi aikinsa ko a fassara shi ba da yardarsa ba. Kariyar tana aiki tsawon rayuwarsa da ƙarin shekaru 70 bayan rasuwarsa. Dokar ta yi sassauci ga harkar ilimi da masu lalurar gani, amma sassaucin yana da iyaka.

A nan ne buɗaɗɗen lasisi ke da amfani. Ƙungiyar Creative Commons, wadda aka kafa a Amurka a 2001, ta tsara lasisi iri shida da marubuci ke amfani da su ya bayar da izini tun farko, haƙƙinsa kuma yana hannunsa. Dukkansu sun wajabta ambaton sunan mai aikin. Wasu sun hana kasuwanci da aikin, biyu kuma masu alamar ND sun hana yaɗa shi idan an sauya masa fasali.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi shafar masu koyarwa da harsunan gida, domin fassara ma sauyi ce. Malamin da ya mayar da littafin kimiyya mai alamar ND zuwa Hausa ba shi da hurumin wallafa fassarar sai ya nemi izini na musamman. Akasin haka, shirin African Storybook na Afirka ta Kudu ya bar ƙofar fassara a buɗe, shi ya sa ake samun labaransa na yara da Hausa.

A 2019 ƙasashe mambobin UNESCO, har da Najeriya, suka amince da shawarar a saki kayan ilimin da aka samar da kuɗin jama'a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi. Ya rage ga ma'aikatun ilimi da jami'o'i su zaɓi lasisin da ya halatta fassara, su kuma rubuta shi ƙarara a shafin farko na kowane littafi, domin malami ya san matsayinsa kafin ya fara aiki.